Shaidar Tafin Ƙafa

Ran da Baba ya zame a banɗaki
ba ihu muka ji ba, ƙarar buta muka ji,
ta gangaro tana amai har bakin ƙofa.
Muka tarar da shi zaune, sabulu a hannu,
yana hararar daɓen kamar ɗan da ya yi masa rashin kunya:
"Shekara talatin ina taka ka,
yau ka ga damar kai ni ƙasa."

Bulus mai tayil ya zo da igiyar awo,
ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.
Ya ce ruwa ya cinye ƙarƙashin, sai an fasa.
A bayan tsohuwar kalanda ya rubuta:
kwali biyar, a ƙara ɗaya saboda tsautsayi,
siminti buhu biyu,
ladan aiki kuma sai mun zauna, ba wasa.

Ran Asabar na shiga Panteka.
Shagon Obinna sai ɗaukar ido yake.
Ga fari fat mai jijiyoyin toka,
ga baƙi wanda na ga fuskata a ciki har da tabon goshina,
ga mai kama da katako alhali bai san daji ba,
can a lungu ga wani mai ruwan kogin Kaduna a tsakiyar damina,
ƙura ta rufe shi, ba mai tambayar kuɗinsa.
"Wannan na Sifen ne, Hajiya, wancan na Sin."
Ni dai idona ya liƙe wa farin.
Har na jiyo matan layinmu sun zo sannu,
sun nemi kewayawa, sun fito suna salati,
zuciyata ta haye bisa.

Guntaye uku na karɓo a leda,
na ukun don kada a ce ban kawo zaɓi ba.
Muka tsallaka gada a Keke Napep,
na rungume su kamar ƙwai,
kowane rami sai sun yi mini gaisuwa a haƙarƙari
kafin mu isa.

Baba ya yi shekara ashirin da shida a masaƙar Kakuri,
sashen rini.
Mutumin da in shuɗi ya kauce da ƙwayar gero
zai gane daga nesa.
Na ce yau ido zai yi aikinsa.

Ko kallonsu bai yi ba.
Ya ce a jera su a tsakar gida,
a kawo buta, a kawo sabulun nan da ya ci amanarsa.
Ya tuɓe silifa, ya dafa kafaɗata.
Ban san yaushe hannun nan ya koma haka ba,
ba nauyi, kamar busasshen kara.
Ya ɗora ƙafa kan farin, ƙafar ta tafi yawo.
Ya ce, "Kyan ɗan maciji."
Baƙin ma bai tsaya jin gaisuwa ba.
Na ukun, mai kaushin harshen mage,
ya kama tafin, ya riƙe,
kamar sun daɗe da sanin juna.
Baba ya murza, ya sake murzawa,
ya saki kafaɗata, ya tsaya da kansa.

Na ce, "Baba, ai wannan muni gare shi,
kuma zai riƙe datti."
Ya ce, "Ya riƙe dattin, in dai zai riƙe ni.
Ido ya ci zamaninsa, Uwani,
yanzu tafin ƙafa ake tambaya."
Na rasa amsa.

Matan layinmu sun zo, sun kewaya, sun fito,
ba wadda ta ce uffan.
Duk Asabar ina durƙushe da buroshi
ina yi wa tayil ɗin Allah ya isa.
Amma da asuba, in na ji an kunna famfo,
sai in ɗauke numfashi ina ƙirga:
tarinsa, kurkurar baki,
taku ɗaya, biyu, uku,
sai butar da hannu ya ajiye,
a hankali,
a ƙasa.